Keken kishingiɗe mai ƙafa uku: yadda ake ɗaura masa injin kuran, da abin da guragun Nijar za su ƙaru da shi

Duk wanda ya san titunan Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san keken guragu, wanda mai shi ke murzawa da hannu cikin rana da rairayi har gumi ya jiƙe masa riga. A ƙasashen Turai, Amurka da Ostiraliya akwai wani ɗan uwan wannan keke, shi ma mai ƙafa uku, sai dai shi mahayinsa kishingiɗa yake yi bisa kujera mai majingina, ya miƙe ƙafafunsa gaba yana taka feda. Cikin shekarun nan masu irin wannan keke sun duƙufa wajen ɗaura masa ƙaramin injin kuran wanda ake sakawa cikin cibiyar ƙafa, domin ya taimaki mahayi wajen hawan tudu da doguwar tafiya. Aikin bai fi ƙarfin mai gyaran keke ba, amma yana da ƙa'idodi waɗanda in aka tsallake su ana iya hasarar kuɗi masu yawa, ko a karya keken, ko ma a jawo gobara cikin gida.

Asalin keken kishingiɗe

Wannan keke ba baƙon abu ba ne. Tun cikin shekarun 1930 wani Bafaranshe mai suna Charles Mochet ya riƙa ƙera shi kusa da birnin Paris. Ranar 7 ga watan Yuli na shekara ta 1933, wani ɗan tsere mai suna Francis Faure ya hau keken Mochet mai ƙafa biyu, ya ci kilomita 45 da mita 55 cikin awa ɗaya, watau ya shafe bajintar Oscar Egg ta kilomita 44 da mita 247 wadda ta tsaya tun shekara ta 1914. Dalili kuwa shi ne wanda ya kishingiɗa iska ba ta dukan ƙirjinsa kamar wanda ya zauna bisa sirdi. Abin bai yi wa magabatan tsere daɗi ba, sai ƙungiyar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shigar da irin wannan keke cikin gasarta a shekara ta 1934. Wannan hani ya dusashe shi har tsawon shekaru kusan 40.

Mai ƙafa uku ya samu karɓuwa sosai daga shekarun 1990. Ian Sims ya kafa kamfanin Greenspeed a Ostiraliya cikin shekara ta 1990, hakanan akwai ICE a Ingila, HP Velotechnik a Jamus da Catrike a Amurka. Keken iri biyu ne: akwai mai ƙafa biyu gaba ɗaya baya, wanda shi ya fi yawa, akwai kuma mai ƙafa ɗaya gaba biyu baya. Da yawa cikin masu sayensa tsofaffi ne, da masu ciwon baya ko wuya, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta hana su tsayuwa bisa keke mai ƙafa biyu. Ga irin waɗannan mutane keken shi ne abin da ke fitar da su daga ɗaka ba tare da sun jira wani ya kama su ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Keken yana da nauyi, kilo 15 zuwa 20 ko fiye, kuma mahayi ba shi da halin miƙewa tsaye ya danna feda da nauyin jikinsa in ya zo ga tudu. Mutum lafiyayye wanda ba ɗan tsere ba, ƙarfin da ƙafafunsa ke bayarwa cikin doguwar tafiya bai wuce wat 100 ba, balle tsoho ko maras lafiya. Nan ne injin ke da rana: inji mai wat 250 tamkar an ƙara wa mahayi ƙarti biyu ne suna taka feda tare da shi.

Injin cikin cibiya

Dabarar saka inji cikin cibiyar ƙafa ita ma tsohuwa ce. Cikin shekara ta 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai batir da inji cikin ƙafar baya, sa'annan a bikin baje kolin Paris na 1900 Ferdinand Porsche ya nuna mota mai injuna cikin ƙafafunta. Abin da ya hana dabarar yaɗuwa shi ne nauyin batir da raunin mayen ƙarfe na wancan zamani. A watan Janairu na 1985 wani attajirin Ingila, Clive Sinclair, ya fito da keken kishingiɗe mai ƙafa uku da injin kuran, mai suna C5. An ƙera kamar 14.000, amma waɗanda aka sayar kafin kamfanin ya durƙushe cikin wannan shekara ba su wuce 5.000 ba, sabili da batir ɗinsa na dalma ba ya nisa, kuma jama'a sun ji tsoron shiga cikin motoci da abin da tsawonsa bai kai tagar mota ba. Abubuwa biyu suka sauya al'amarin daga baya: mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske da aka gano farkon shekarun 1980, da batir ɗin lityom wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991.

Yadda injin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. A tsakiya akwai sanda wadda ba ta juyawa, an ɗaure ta ga jikin keke, kewaye da ita kuma an naɗe wayoyin jan ƙarfe. In kuran ya bi cikin wayoyin bi da bi sai su riƙa jan mayen ƙarfen da ke kewaye, ƙafa ta juya. Injin iri biyu ne. Akwai ƙarami, kilo 2 zuwa 4, mai haƙoran giya a cikinsa, wanda ke da ƙarfin tashi daga tsaye, kuma in an kashe shi ba ya riƙe ƙafa. Akwai kuma babba, kilo 5 zuwa 8, wanda ba shi da giya ko ɗaya. Shi ya fi jure wahala da zafi, yana kuma iya maida ɗan kuran cikin batir lokacin gangara, amma in batir ya ƙare nauyinsa da ɗan riƙon da yake yi duk bisa ƙafafun mahayi za su koma. Mafi yawan waɗannan injuna ƙasar Sin ke ƙera su, kamfanin Bafang na birnin Suzhou yana cikin waɗanda suka fi suna.

Kayan da ake sayarwa tare su ne ƙafa ɗaya da injin a cikinta, akwatin da ke raba kuran tsakanin batir da inji, ɗan allon da ke nuna gudu da sauran caji, na'urar da ke jin juyawar feda, totur, da maɓallin da ke yanke wuta in an kama birki. Batir da cajarsa galibi dabam ake sayensu, kuma kuɗinsu kan kai na sauran kayan duka ko ya fi.

Awo kafin saye

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan aiki kuskuren da ya fi tsada tun wajen saye ake yinsa. A keke mai ƙafa biyu gaba, ƙafar baya ce wurin injin, domin ƙafafun gaba ta gefe ɗaya kawai aka riƙe su, injin da aka saba gani kuwa yana bukatar riƙo ta gefe biyu. Sai a auna faɗin da ke tsakanin ƙarafa biyun da ke riƙe ƙafar baya, wanda a mafi yawan kekuna milimita 135 ne. A duba kuma irin haƙoran sarƙar da ke bisa tsohuwar ƙafa, na murɗawa ne ko na zurawa, da yawansu, domin su dace da sabuwar. Wanda giyar kekensa cikin cibiyar baya take, ya sani in ya saka injin can ya rabu da ita kenan. Shi abin da ya fi masa shi ne injin da ake ɗaurawa wajen feda.

Abu na biyu shi ne girman ƙafa. Kekunan nan wasu ƙafar bayansu inci 26 ce, wasu inci 20. Ta inci 26 tana cin kamar mita 2 a kowane juyi, ta inci 20 kuwa mita 1 da rabi. Injin da ke juyi 200 cikin minti zai ba da kilomita 24 a awa bisa babbar ƙafa, amma bisa ƙaramar kilomita 18 kaɗai zai bayar; in ana son ƙaramar ta kai 24 sai an samu mai juyi kamar 270. In aka yi akasi, aka saka inji mai saurin juyi cikin babbar ƙafa, to wajen hawan tudu zai riƙa tafiya ƙasa da saurin da aka yi shi dominsa, kuran ɗin da yake sha ya koma zafi, har haƙoran robar da ke cikinsa su narke ko wayoyinsa su ƙone.

Abu na uku shi ne doka. A ƙasashen Tarayyar Turai, keken da ake lasafta shi keke, ba moto ba, shi ne wanda injinsa bai wuce wat 250 ba, yana aiki ne kawai in ana taka feda, kuma yana yankewa da zarar an kai kilomita 25 a awa. A Amurka dokar tarayya ta shekara ta 2002 ta yarda da abin da bai kai wat 750 ba da gudun kilomita 32 a awa. Wanda ya wuce wannan iyaka a Faransa, misali, abin hawansa ya shiga sahun moto, da lamba da inshora da hular kwano.

Ɗaura ƙafa da shimfiɗa wayoyi

In kaya sun zo, a ɗaga bayan keke, a cire tsohuwar ƙafa, a maida tayarta da haƙoran sarƙa bisa sabuwar. Sandar injin ba kewayayya ba ce sarai, an shafe gefenta biyu har kaurinta ya koma milimita 10, domin ta shige cikin tsagar ƙarfen keke ta kasa juyawa. Dole ta zauna har ƙarshen tsagar. In ta ƙi, a ɗan goge tsagar da magagari a hankali, kada a buga ta da guduma. Wayar da ta fito daga sandar a fuskantar da ita ƙasa, a ɗan lanƙwasa ta kafin ta hau, don ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga inji.

A nan ne haɗari mafi girma yake. Duk lokacin da injin ya tura ƙafa gaba, sandar tana neman juyawa baya da ƙarfi daidai da wancan, kuma da yake wurin riƙon ɗan ƙanƙane ne, matsin da ke kansa yana kai nauyin ɗaruruwan kilo. In ƙarfen keke na alminiyom ne, tsagar na iya buɗewa ko ta tsage, sandar ta juya, ta naɗe wayoyi ta tsinka su, wani lokaci ma ƙafar ta fita ana cikin gudu. Maganin wannan shi ne wani ɗan farantin ƙarfe mai kauri, mai rami daidai siffar sandar, wanda ake zura shi a ɗaure ɗaya bakinsa ga jikin keke. Kuɗinsa kaɗan ne, amma shi ke tsare ran mahayi. Bayan haka a ɗaure notuna tamau, a sake duba su bayan tafiyar farko, a duba kuma wayoyin ƙafar, domin keke mai ƙafa uku ba ya karkata a kwana, saboda haka ƙafarsa tana shan matsi ta gefe fiye da ta keke mai ƙafa biyu.

Wata matsalar kuma ita ce tsawon wayoyi. Kayan nan don keken da aka saba aka yi su, alhali a keken kishingiɗe feda tana can gaba, nesa da ƙafar baya da fiye da mita ɗaya. Sai an nemi ƙarin waya mai baki irin na asali don na'urar feda da ɗan allon, a bi da su ta jikin keke nesa da doguwar sarƙa, a bar musu sarari wurin da hannun tuƙi ke juyawa da wurin da keken ke naɗewa. Haɗa waya da hannu a rufe da leda yana aiki kwana biyu, amma da ruwa ko ƙura sun shiga sai injin ya riƙa yankewa bisa hanya.

Batir kuwa a aje shi ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin kujera ko bayanta, kusa da tsakiyar keke. In aka ɗora shi can sama bisa kariyar baya, keken zai yi saurin ɗaga ƙafa ɗaya ya kife a kwana. Kafin a hau hanya, a gwada injin ƙafa na sama, a tabbata kama birki yana yanke wuta. Tun da gudu ya ƙaru, wajibi ne a ɗaure takalmi ga feda, domin ƙafar da ta zame ta taɓa ƙasa keken na iya janye ta ƙarƙashinsa ya karya ta. A kafa kuma doguwar tuta mai launi da fitila don direbobi su hangi mahayi.

Batir, nisa da gobara

Lasafin nisa ba shi da wuya. Batir mai bolt 36 da amfiya 14 yana ɗauke da kamar rabin kilowat na awa ɗaya, watau 500 in aka lasafta da wat. Mahayin da ke taka feda tare da inji yakan ci kamar 10 a kowace kilomita, kenan caji ɗaya zai kai shi kilomita 50. Tudu, iska, rairayi ko ƙin taka feda suna iya rage wannan da rabi. Irin wannan batir na lityom nauyinsa kamar kilo 3 ne, alhali na dalma mai wannan awo ya fi kilo 12.

Amma lityom wuta ce a kwance. Hukumar kashe gobara ta birnin New York ta lasafta gobara 268 da irin waɗannan batura suka haddasa cikin shekara ta 2023, mutum 18 suka rasu. Abin da ya fi jawo haka shi ne batir maras inganci, ko wanda aka yi wa kwaskwarima, ko caja wadda ba tasa ba. Araha ba ta ado. Kada a caja batir ana barci, kada a caja shi bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, kuma wanda ya kumbura, ya faɗi ya fashe ko ya sha ruwa, a raba shi da gida.

In an yi aikin bisa ƙa'ida, abin da kekunan nan ke iyawa yana da ban mamaki. Cikin watan Yuni na 2018 mahaya suka tashi daga birnin Liyon na Faransa zuwa Guangzhou na ƙasar Sin cikin gasar Sun Trip wadda Florian Bailly ya ƙirƙiro, tafiyar kilomita kamar 12.000, da sharaɗin ba a caja batir sai da hasken rana. Da yawansu bisa keken kishingiɗe mai ƙafa uku suke, sun yi masa rumfa da allunan hasken rana. Wanda ya fara isa, Raf Van Hulle na ƙasar Beljik, ya yi tafiyar cikin kamar kwana 45.

Ina rabon guragun Nijar?

Keken kishingiɗe na Turai ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma da yake gindinsa dab da ƙasa yake, ba zai ji daɗin ramuka da rairayin unguwanni ba. Amma injin cikin cibiya bai san bambanci tsakanin keken Jamus da wanda mai walda ya haɗa a Maradi ba. Ko da yake an tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka ranar 25 ga Agusta na 2020, waɗanda ciwon ya riga ya naƙasa suna nan da yawa, suna kasuwanci, suna zuwa makaranta da wuraren aiki da ƙarfin damatsansu, ƙarfin hannu kuwa bai kai na ƙafa ba, kuma kafaɗa tana gajiya da shekaru.

Keken guragu yana da fa'ida ɗaya: ƙarfensa baƙin ƙarfe ne wanda mai walda ke iya faɗaɗawa ko ƙarfafawa. Amma yana da nasa sharuɗɗa. A yawancinsu ƙafar gaba ce sarƙar hannu ke ja, saboda haka injin da zai shiga can sai mai wurin haƙoran sarƙa, watau irin na ƙafar baya. Nauyin mahayi kuma bisa ƙafafun baya yake, don haka ta gaba takan yi ta juyi a banza cikin rairayi, abin da aje batir wajen gaba ke ragewa. Kujerarsa tana da tsawo, birkinsa sau da yawa ba shi da ƙarfi, ƙafa ɗaya gaba kuma tana saurin kifewa a kwana. Wanda ya ɗaura masa inji bai gyara birki ba, bai kuma rage gudun zuwa kamar kilomita 10 ko 12 a awa ba, ya ƙara wa mai shi haɗari ne.

Ga kuma yanayin ƙasa. Masu ƙera batir ɗin lityom sun hana a caja shi in zafinsa ya wuce digiri 45, alhali cikin watannin Afirilu da Mayu zafin inuwa kansa yana haura 40 a Tawa da Yamai. Kenan batir ba ya zama cikin rana ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Da sassafe ko bayan magariba ake cajinsa, ana kusa da shi. Ƙurar hunturu tana son a rufe bakunan wayoyi da kyau, tafiya a hankali cikin rairayi mai zurfi kuma ita ce ta fi saurin dafa inji. Batun kuran shi ma abin lura ne: lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo kamar kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha, daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, jama'a sun ga yadda rashin wuta ke tsaida sana'a. Sai dai rana ba ta yankewa: allo mai wat 100, in an haɗa shi da na'urar caji wadda ta dace, yana iya kusan cika batir irin wanda aka ambata cikin yini guda.

Nijar tana da dokar kare haƙƙin naƙasassu tun watan Maris na 1993, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bisa haƙƙinsu cikin shekara ta 2008. Hanya ɗaya ta cika wannan alkawali ita ce magabata su sassauta kuɗin duwan bisa waɗannan kaya in don keken guragu aka shigo da su, su sa ido kan ingancin baturan da ke shigowa kasuwa, makarantun koyon sana'a kuma su horar da masu gyaran keke da masu walda, har da naƙasassun kansu, tun da su suka fi kowa sanin inda keken ke yi musu ciwo. Ƙungiyoyin da ke rabon kekuna su ma ya kamata su tuna cewa batir yana mutuwa bayan ƴan shekaru. In ba a tanadi mai gyara da kayan sauyi kusa ba, injin zai koma ƙarin kaya bisa hannun da aka so a hutar.